Tasar Kaka a Rijiyar Zango

Abin da idona ya fara sauka a kansa, da mai adaidaita sahu ya sauke ni a Gyaɗi-Gyaɗi, wani guntun itace ne. Kututturen ƙirya ne baƙi wuluk, an ɗora shi a kan bulo biyu a ƙofar shagon wani mai cajin waya, wasu 'yan mata biyu masu fararen kayan koyon jinya suna zaune a kai suna cin gurasa. Na zo duba jikata ne da take karatu a babban asibitin nan. Ta kama ɗaki a unguwar, ba ta ma san a nan aka yanke mini cibiya ba. Sai na tsaya da jaka a hannu ina kallon itacen, har mai shagon ya leƙo.

"Hajiya, lafiya? Caji za a sa miki?"

Na ce masa a'a, itacen nake kallo. Ya ce ai benci ne, a nan ya tarar da shi da ya kama shagon, nauyi ne da shi kamar ƙarfe, shi ya sa har yau ba wanda ya ɗauke. 'Yan matan suka matsa mini, na zauna, na sa yatsa cikin ramukan da ke gefensa. Santsi ne da su kamar cikin ludayi. Ba wuƙa ce ta sassaƙa su ba, igiyar guga ce ta ci su a hankali, shekara da shekaru. Itacen bakin Rijiyar Zango ne. Rijiyar kuwa, in ban ɓata ba, tana ƙarƙashin simintin da mai shagon yake ajiye janaretansa.

Wanda ya san wurin nan yau ba zai yarda akwai kwari a cikinsa ba. An cike, an daddaɓe, an shimfiɗa kwalta. Amma lokacin da nake yarinya, in ka fito ƙofar gidanmu ƙafarka ce za ta gaya maka ƙasa tana gangarawa. Gidaje a warwatse suke, tsakaninsu gonakin gero da dawa, kana hango hayaƙin girkin mutanen Daurawa ba abin da ya tare maka ido. A ƙasan gangaren akwai ƙorama. Da rani yashi ne fari, muna tona shi da hannu ruwa ya tsattsafo. Da damina kuwa sai ta cika ta yi ja, ta kwaso karare da tsofaffin kwanduna, kwaɗi su yi ta kiɗansu kamar an biya su. Manya suna cewa ruwan namu gangarawa yake ya haɗu da Tatsawarki, daga can ya faɗa kogin Challawa. Ni da ban taɓa wuce Unguwa Uku ba, sai in jefa ganyen mangwaro a ruwan in ce ya gaishe mini da kogi. Ba a kwatance da sunan layi a lokacin. Za a ce maka ka wuce kukar da tsawa ta raba biyu, ka bar kududdufin da ake ɗiban ƙasar gini a hagunka, in ka ga tsamiya ka iso. Yanzu jikata ta yi mini kwatance da gidan mai da wani kemis mai shuɗin ƙyaure, na zo na tarar da kemis huɗu, uku shuɗaye.

A gindin tsamiyar nan rijiyar take. Kakata, wadda ta haifi babanmu, ita ta gaya mini dalilin sunan. Ta ce kafin a yi titin Zariya, fatake masu tahowa daga kudu da jakunansu nan ne zangonsu na ƙarshe. Nan suke sauke kaya, su shayar da dabbobi, su yi wanka, su ciro rigar da suka ninke tun daga gida su sa, sannan su doshi ƙofar gari. "Kano ba a shigarta da dauɗar hanya," in ji Kaka. Ita kanta 'yar fatake ce. Babarbariya ce, tana ƙarama mahaifinta ya taho da ita daga gabas da fataucin kanwa, ya sha ruwan rijiyar nan ya ce ya iso. Cikin abin da suka zo da shi, abu ɗaya ya rage a hannunta: wata tasa ta tagulla, ta mahaifiyarta, mai zanen ƙananan taurari a bakinta. A ciki take shan fura, ba ta yarda kowa ya wanke mata ita.

Ni kuwa yarinya ce mai kunyar tsiya. A makarantar firamare malaminmu ya yi wata guda yana zaton ba na magana, sai ranar da aka taka mini ƙafa. In baƙo ya shigo gidanmu, bayan randa nake shigewa. Amma abin da bakina ya rasa, kunnena da idona sun samu. Na san dakan kowace mata a unguwar daga amon taɓaryarta. Na san gugan kowane gida daga facinsa. Na san in Kaka ta ja tsaki gajere da ɗan akuya take, in ta ja dogo da babanmu take. Yaran yanzu kunnensu a toshe yake da waya, ba laifinsu ba ne, ko sun buɗe ba abin da za su ji sai janareta.

Akwai wata Bafillatana da take kawo mana nono daga rugarsu da ke ƙetaren kwari. Mu yara Inna mai nono muke ce mata. Doguwa ce siririya, ƙwaryarta a ka ba ta riƙewa, tana isowa gidanmu daidai lokacin da muke tasowa daga makaranta. To, kowa ya san Fulani da Barebari abokan wasa ne, amma irin na Kaka da Inna ban ƙara gani ba. Sun fi shekara ashirin suna yi kafin a haife ni, sun kuma ci gaba har tsufa ya hana Inna ƙetare kwari, in ka cire wata biyu da ni na jawo. Tun daga zaure za ka ji muryar Inna.

"Ina baiwar tawa? Uwargijiyarki ta zo kina kwance?"

"Shigo, mai bin saniya," in ji Kaka. "Yau rijiya nawa kika tatsa?"

"Babarbariya ta san nono ne? Ku da kuka tashi da lasar kanwa kamar awaki!"

"Ɓarauniya kawai. Ku da kuka ga saniya a hannun Barebari kuka ce a ba ku ku kai ta kiwo, har yau ba ku dawo da ita ba."

Ba a taɓa shimfiɗa wa Inna tabarma ba. Wani tsohon turmi ne a kife a ƙofar ɗakin Kaka, a kai take zama, ta sauke ƙwarya, ta buɗe faifai. Sai faɗan gyara ya tashi. Kaka ta ce ludayin Fulani yana da ciki biyu, Inna ta ce cikin Barebari ba shi da gindi. A ƙarshe Inna ta ƙara ludayi guda tana rantsuwa gobe ba za ta dawo ba, Kaka ta ɓare goro ta jefa mata rabi a cinya tana cewa sadaka ce. Ni ina bayan randa ina toshe baki. Duk wunin Kaka, a wannan lokacin kaɗai ake ganin giɓinta.

Wata Asabar, babu makaranta, Kaka ta tafi barka maƙwabta ta bar tasarta a ƙofar ɗaki. Na daɗe ina lura taurarin bakinta sun dushe, idon Kaka ya daina ganin dauɗar da ke cikin zanen. Sai zuciyata ta ce in wanke mata da tsamiya da toka, in ajiye in yi shiru, in ga fuskarta. In na ɗebi ruwan randa babarmu za ta tambaya, ni kuwa tambaya nake gudu. Sai na ɓoye tasar a zane, na ɗauki guga, na fita rijiya. Rana tsaka ce, lokacin da aka hana yara zuwa can, wai masu wurin suna shan iska a gindin tsamiya. Babu kowa sai ƙadangaru. Na goge tasar nan tas, har na ga hancina a cikinta. Na ɗora ta a kan itacen bakin rijiya don in ɗebo ruwan ɗauraya na ƙarshe, igiyar ta zo wucewa ta shafe ta. Ban ma ga faɗuwarta ba, ji na yi. Ta bugi bango ta yi ƙara sau ɗaya, ta sake bugawa ta gefen gabas, sai wani ɗan gurzawa, sai shiru.

Na leƙa, duhu. In guga ne ya faɗa, ana aro ƙugiya a ciro shi, amma tasa ba ta da marataya. Na koma gida, na shige ɗaki na kwanta na ce kaina ke ciwo. Ina kwance na ji Inna ta shigo tana kiran baiwarta. Da ba ta same ta ba, ta zauna a turmi ta ɗan jira, ta zuba nono a ƙwarya ta rufe da faifai, ta tafi. La'asar Kaka ta dawo za ta dama fura, aka nemi tasa aka rasa. An ɗaga tabarmi, an leƙa ƙarƙashin gado, an duba akurkin kaji. An tambayi yayyena, kowa ya rantse. Ni ba wanda ya tambaye ni, don ba a saba jin komai daga bakina ba. Sai babarmu ta ce, ba da wata manufa ba, ai yau ba wanda ya shigo gidan nan sai mai nono.

"Kul!" in ji Kaka. "Kada in ƙara jin wannan maganar a gidan nan."

Ba a ƙara ba kuwa. Amma magana zarar bunu ce. Washegari Inna ta yi sallama daga zaure tana neman baiwarta, sai na ga Kaka ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da sabuwar tabarma, ta shimfiɗa.

"Sannu da zuwa. Kin zo lafiya? Ya mutanen gida? Ya shanu?"

Inna ta tsaya da ƙwarya a ka. Ta kalli tabarmar, ta kalli turmin, ta kalli Kaka. Ta ce, "Lafiya lau," ta durƙusa a gefen tabarmar ba ta hau ba. Aka auna nono, Kaka ba ta nemi gyara ba. Ta miƙa mata goro guda cur, da hannu biyu. Wanda bai san su ba zai ce ga tsofaffi masu mutunta juna. Ni da na san su, na gane abu ya lalace. Kaka ba za ta iya ce mata ɓarauniya ba kuma, don kalmar ta daina zama wasa a bakinta. Kwana uku aka yi haka. Maganar tasa kuma ta fita, ban san ta bakin wa ba, ta je bakin rijiya, abin da ya je bakin rijiya kuwa ya je ko'ina. Rana ta huɗu Inna ba ta shigo ba. Ina jin muryarta ta bayan katanga tana tallan nono, ta bi ta wani lungun tana yin nisa.

Kaka ta koma sayen nonon wata mata, ta kurɓa ta ce ya yi tsami, ta ture. In lokacin nan na tasowa daga makaranta ya yi, sai ta zauna ta juya wa zaure baya tana tsinke zare a gefen zaninta. Turmin yana nan a kife, kaji suna hawa. Ni kuma kullum da yamma in na je ɗiban ruwa sai in zura guga ta gefen gabas a hankali, kamar mai gaisuwa. Sau nawa na tsaya a ƙofar Kaka na haɗa maganar tsaf a raina, ta ɗago ta ce, "Me ne ne, uwar shiru?" in ce ba komai, in wuce. Laifin ya zama uku: na taɓa tasa, na je rijiya da rana tsaka, na kuma yi shiru. Kullum na ukun yana ƙara girma.

Ana nan bazara ta yi tsanani, ruwan rijiya ya ja baya, guga yana fitowa rabi ruwa rabi laka. Mai unguwa ya aika Tarauni a kira mai yasa. Yaran bohol da fiya wata ba su san yasar rijiya ba, amma a wurinmu ƙaramar salla ce. Tun da safe magidanta suke karɓa-karɓa suna kwashe sauran ruwan, 'yan mata muna jera tuluna don kada ya tafi a banza, tsofaffin mata su shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, masu ƙosai su kafa kasko. Baba mai yasa wani gajeren dattijo ne mai faɗin ƙirji, gemunsa fari, bakinsa ba ya hutawa. Ya fara zura fitila mai wuta a cikin guga har ƙasa, ya jira, ya jawo ta tana ci, ya ce rijiya ta yi masa izini. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla, ya bi ramukan taka ƙafa ya sauka. Daga nan sai bokiti ya yi ta hawa da laka, ana juyewa a ƙasa, duk abin da aka tsinta a ciki a ɗauraye a jera a kan tabarma, mai shi ya zo gaban jama'a ya ce nasa ne. Muryar Baba tana fitowa daga ƙasa kamar daga cikin ganga.

"Ga takalmi ƙafa ɗaya! Mai shi yana nan, ko tun bara yake tsalle?"

Gugan da suka tsinke sun fi goma. Aka ciro cokula, da awarwaro, da makullin da wani attajiri ya yi wata guda yana zargin iyalinsa a kai. Aka ciro madubin hannu, wani magidanci mai gashin baki ya taso ya ce na matarsa ne, Baba ya ce daga ƙasa, "Matar taka da ba ta fita ce ta zo kwalliya bakin rijiya? Ka dai karɓi abinka, ango!" Aka yi ta dariya har da masu tari. Can wajen azahar, da laka ta yi nisa, aka ciro wata 'yar ƙararrawa ta ƙarfe duk ta yi tsatsa. Ba wanda ya ce tasa ce. Aka miƙa wa tsofaffi tana yawo hannu zuwa hannu, wani ya ce irin wadda fatake ke rataya wa jakin gaba ce. Kaka ta riƙe ta ta daɗe, ta kaɗa a kunnenta, ba ta yi ƙara ba.

Ni ban yi dariyar komai ba ranar. Ina tsaye kusa da inda ake juye laka, duk bokitin da ya hau sai in kafa masa ido. Addu'ata ɗaya ce: tasar ta fito da kanta. A ce ikon Allah, a wanke Inna, ni kuma ba wanda zai san hannun da ya kai ta. Bokiti ya yi ta hawa, laka ta koma yashi, yashi ya koma tsakuwa. Sai muryar Baba ta taso.

"Na ga ƙasa! Ido ya buɗe, ruwa na tahowa. Ku riƙe igiya, ga ni nan."

Aka yi kabbara. Ni kuwa sai kunnena ya dawo mini da ranar nan. Ƙara ɗaya, ƙara biyu, gurzawa, shiru. Duk abin da ya taɓa faɗa wa rijiyar nan a gabana, ko ɗan tsakuwa ne, sai na ji tsulum. Tasar ba ta yi tsulum ba. Ba ta kai ruwa ba ke nan, tana maƙale a jikin bango, Baba kuwa ƙasa yake dubawa. Yasar da ta wuce ina shekarar shiga makaranta aka yi ta, mai zuwa wataƙila sai ina ɗakin miji. In ya fito, shi ke nan, na tsira. Na waiga gindin tsamiya. Matan suna ninke tabarmi suna hira, Kaka tana zaune ita kaɗai, idonta a kan hanyar kwari.

Ban iya kallon fuskar kowa in yi magana ba, wannan na sani. Amma rijiya ba ta da fuska. Na kutsa ta tsakanin ƙafafun maza, na durƙusa, na dafa itacen ƙiryar nan, na zura kaina ciki, na yi magana ƙasa-ƙasa yadda nake zaton daga ni sai Baba.

"Baba, akwai tasa."

"Wace ce wannan? Me kika ce? Tasa?" Muryarsa ta fito sai ka ce mai shela. Hira ta tsaya cak.

"Tasar Kaka. Ba ta kai ruwa ba. Ta gefen gabas."

"Tasar kakarta! Ba ta kai ruwa ba! Ta gefen gabas! To ke wa ya gaya miki?"

"Ni na yar."

"Ita ta yar! Jama'a kun ji, mai kaya ta kawo kanta. Yaushe?"

"Da rana tsaka."

"Da rana tsaka! La ila, yarinya, ke da masu wurin kuna gaisawa ke nan!"

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na riga Baba isa gindin rijiyar. Wata mata a bayana ta ce, "Au, dama tana magana?" Aka zura masa fitila, muna ganin haskenta yana zagaya bango yana hawowa a hankali. Can inda marmara ta ƙare, ƙasa ta zaizaye ta yi ɗan kogo, sai hasken ya tsaya. Muka ji ya ce, "Kai, malam kwaɗo, tashi, haya ta ƙare." Sannan ya ƙwanƙwasa wani abu da farce. Kafin kowa ya ga komai, Kaka ta miƙe tsaye. Ta san muryar tasarta.

Tasar ta fito kore shar, taurarin sun cushe da ƙasa. Baba ya miƙa wa Kaka, ya dafa kaina da hannunsa mai laka ya ce shekara talatin yana shiga rijiya bai taɓa samun mai yi masa kwatance daga sama ba, in na gama makaranta in zo ya ɗauke ni aiki. Kowa ya yi dariya ban da Kaka. A gida babarmu ta ciro tsumagiya, Kaka ta ɗaga hannu.

"Bar ta. Yarinya tasa ta jefa a rijiya, ni mutum na jefa. Tata an ciro da igiya. Tawa wace igiya ce za ta ciro?"

Babanmu ya ce ta je ta ba ta haƙuri mana, ba nisa. Kaka ta ja dogon tsaki ta ce da wane ido, ita da ta shimfiɗa wa matar tabarma. Washegari da hantsi ta zauna ta goge tasar da kanta, ta zuba goro fari a ciki, ta rufe da sabon faifai, ta kira ni. Ta ce ke kika yar, ke za ki kai. Ki gaya mata yadda aka yi, ki ce ina gaishe ta da kyau, ina ba ta haƙuri.

Na ɗora tasa a ka, wannan karon da hannu biyu, na gangara. Na wuce kududdufi ya bushe ya tsattsage, na taka yashin ƙorama yana ƙona tafin ƙafa, na bi burtalin shanu mai shingen aduwa. Duk hanyar nan yau gidaje ne bango da bango, akwai coci, akwai makarantar Islamiyya, akwai masu walda, ƙoramar ta koma kwata mai murfin siminti. Ranar kuwa daga ni sai belbela. Na sami Inna a gindin wata ɗorawa tana kaɗa nono. Na durƙusa na ajiye tasar, na kalli yatsun ƙafata, na faɗi komai, tun daga tsamiya da toka har kwaɗo. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a rayuwata zuwa ranar. Na ƙare da saƙon Kaka yadda ta ba ni.

Inna ba ta daina kaɗawa ba sai da na gama. Ta buɗe faifan, ta juye goron a zaninta, ta ɗauraye tasar, ta cika ta da kindirmo har baki, ta rufe.

"Ki ce ina amsawa. Ki ce ba komai, Allah ya bar zumunci."

Muryarta a kwance, kalma bayan kalma, kamar mai gaida hakimi. Sai na gane saƙon da na kawo tabarmar nan ce dai aka sake shimfiɗawa, ita ma ta mayar da irinta. In na ɗauki tasar nan na koma da wannan amsar, za su yi ta gaida juna da kyau har kabari. Ban ɗauka ba. Na ci gaba da durƙuso ina tona ƙasa da ɗan yatsa. Inna ta koma kaɗa nononta, sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Tsohuwar tana cin abinci kuwa?"

Na ce ba sosai ba, ta ce nonon kowa tsami ne da shi. Na ga gefen bakin Inna ya motsa, ta yi maza ta danne shi.

"To me kuma kike jira? Rana na yi."

Na ɗago kai, karo na farko, na kalle ta ido cikin ido.

"Inna, don Allah gobe ki zo gidanmu. In ta shimfiɗa tabarma kada ki kula, ki zauna a turminki. Kada ki gaishe ta. Ki zage ta kamar da."